Wanne Zan Tura? Yadda Ake Zaɓen Rubutun da Za a Aika wa Mujallar Adabi

Wata Asabar bayan La'asar ɗiyar yayata ta yi sallama a gidana, nan cikin birnin Katsina, riƙe da waya da littattafan rubutu guda biyu a cikin leda. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta kurɓa ba ta ce, "Kawu, wata mujalla ta buɗe karɓar gajerun labarai, ƙarshen wata za su rufe. Wanne zan tura?"

Na ce nawa gare ki? Ta ce ashirin da uku, ban da waƙoƙi. Na ce to ke wanne ya fi kwanta miki a rai? Ba ta yi wata-wata ba ta ambaci wani labarin amarya da uwar miji, wanda ta ce ranar da ta sake shi a zaurensu na WhatsApp sai da mata suka yi ta turo mata saƙon murya suna kuka. Na ce, "Madalla. Shi za mu fara ajiyewa gefe." Ta dube ni kamar na zage ta.

Abin da muka yi daga wannan yammaci zuwa mako biyu shi zan shimfiɗa a nan, daki-daki. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, ko da yake a ganina mata sun fi mu yawa a wannan fage yanzu.

Fara da baje kayan duka

Kafin zaɓe sai an ga abin da ake da shi. Ka ɗauki takarda ɗaya ka jera duk abin da ka rubuta: suna, nau'i (gajeren labari ne, rubutacciyar waƙa ce, wasan kwaikwayo ne, ko babi ne daga dogon littafi), yawan kalmomi, lokacin da ka gama shi, da kuma inda ya taɓa fita. Kada ka ƙiyasta yawan kalmomi da ido. Microsoft Word da Google Docs duk suna ƙirgawa, kuma akwai su a waya. Wanda ke cikin littafin rubutu, ka ƙirga kalmomin layi biyar, ka raba, ka ninka da yawan layuka. Wannan aikin rabin sa'a ne. A nan ɗiyar tawa ta gano cewa huɗu daga cikin ashirin da ukun nata ba su da ƙarshe, ta dai bar su da niyyar dawowa. Saura goma sha tara.

Cire duk wanda ya riga ya fita kasuwa

Nan ne ciwon yake, kuma nan ne marubutanmu suka fi faɗawa rami. Galibin mujallun adabi suna son su zama su ne farkon masu fito da rubutu. Idan ka ga sun rubuta cewa ba sa karɓar abin da aka taɓa wallafawa, kada ka ɗauka littafi mai bango kawai suke nufi. A wurin editoci da yawa, labarin da ka ɗora a Facebook, ko Wattpad, ko wani shafinka na intanet, ya riga ya fita. Ba ruwansu da cewa mutum arba'in ne suka karanta.

Mu kuwa al'adarmu ta rubutu a yanzu a kan waya take. Mutum ya gama shafi da dare, kafin Asuba ya sake shi a zaure, kafin hantsi an tura shi zaure goma. Wani ya tattara ya mai da shi fayil, wani ya ɗora a shafinsa ba tare da ya tambaye ka ba, wata ta karanta shi da murya a YouTube. To ko ka goge naka, na sauran fa? Edita ba sai ya wahala ba. Jimla ɗaya zai kwafa ya liƙa a Google, in ta fito shi ke nan, kuma ba labarin kaɗai zai ajiye ba, har da sunanka zai riƙe.

Ga yadda na ce ta tantance. Wanda ta tura wa ƙawa ɗaya ko biyu don su duba, bai fita ba. Wanda ta karanta a taron marubuta da baki, shi ma bai fita ba, muddin ba a naɗa an watsa ba. Wanda ta sake a zaure mai ɗaruruwan mutane, ko ta ɗora a fili, ta ɗauka ya fita. Idan abu ya tsaya a tsakiya, a tambayi edita da gajeren saƙo, a faɗi gaskiya: na taɓa sa shi a wuri kaza, na cire, za ku duba? Wasu za su ce a turo. Akwai ma mujallun da suke faɗa a fili cewa suna karɓar wanda ya taɓa fita, in an ambaci inda ya fara fitowa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ɓoye.

Da muka gama wannan tankaɗe, goma sha ɗaya suka fice, har da na amarya da uwar miji. Saura takwas. Ta yi shiru can ta ce, "Kawu, ai masu kyan ne suka tafi." Na ce mata masu farin jini ne suka tafi. Labarin da ake saki shafi-shafi an gina shi ne don a dawo gobe, kowane shafi ya ƙare a kan ƙugiya, ana jan zare ana ƙara kishiya. Wannan gwaninta ce mai zaman kanta, ba na raina ta. Amma mujalla labarin zama ɗaya take nema, wanda za a fara a gama kafin shayi ya huce. Daga yau, na ce mata, duk wanda kika ji a jikinki ya fi saura, ki riƙe shi a gida tukuna.

Karanta mujallar kafin ka sake duba naka

Mutane suna tsallake wannan mataki don suna ganin ɓata lokaci ne da cin data. Ni kuwa a nan nake ganin rabin zaɓen yake ƙarewa. Ka nemi fitowa biyu ko uku na baya-bayan nan, ka karanta kamar mai shirin zuwa neman aure gidan da bai sani ba.

Da farko ka tabbata mujallar adabi ce irin wadda kake nufi. Kalmar "mujalla" a wurinmu tana ɗauke da kaya iri-iri. Akwai mujallun nazari na jami'o'i, irin su Harsunan Nijeriya da Algaita na Jami'ar Bayero, ko Himma ta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke nan Katsina. Waɗannan maƙalun bincike ne abincinsu, malamai ne ke rubuta sharhi a kan harshe da adabi da al'ada. In ka tura musu labarin soyayya ka kai goro kasuwar shanu. Akwai kuma filayen adabi na jaridu, irin na Aminiya, waɗanda wurinsu ƙarami ne, suna son gajere. Akwai mujallun ɗalibai da na ƙungiyoyin marubuta. Akwai na intanet, na gida da na ƙetare, wasu da Ingilishi zalla, wasu suna buɗe ƙofa ga harsunan Afirka, kamar yadda Jalada ta yi a 2016 da ta fitar da labari guda na Ngugi wa Thiong'o a harsuna sama da talatin, har da Hausa.

Kana karantawa kana tambayar kanka: labaran nan a ina suke faruwa, a ƙauye ko a birni? Da bakin wa ake ba da su, "na" ko "ya"? Suna ƙarewa a rufe ko a buɗe? Akwai raha a ciki ko duk kuka ne? Waƙoƙin suna bin ma'auni da amsa-amo, ko sakakku ne? Wane abu ne ba ka gani ba ko sau ɗaya? Ba don ka kwaikwaya ba. Don ka gane wanne daga cikin 'ya'yanka zai iya zama a gidan ba tare da an ce wannan baƙon fa daga ina. Kuma in ka tarar fitowar da ta wuce tana da labarin almajiri, naka na almajiri ya jira, ko da ya fi wancan kyau. Edita ba ya son ya dafa tuwo iri ɗaya kwana biyu a jere.

Wannan ba sabon abu ba ne a garin nan. A 1933, lokacin da Rupert East na hukumar fassara da talifi ta Zariya ya zagaya yana neman malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko, malaman ƙasar nan sun fi sabawa da waƙa da tarihi da rubutun addini. Abubakar Imam a lokacin yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ya gane abin da ake nema, ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, duka biyun suka shiga cikin littattafai biyar da aka buga daga wannan gasa. Da waƙar wa'azi suka tura, komai kyanta, ba ita aka tambaya ba.

Auna da ƙa'idojinsu, kada ka yi ciniki

Kowace mujalla ta kirki tana da shafin ƙa'idoji. Ka karanta shi sau biyu, na biyun da biro a hannu. Tsawo shi ne babba. In sun ce kada ya wuce kalma 3,000, labarinka mai 4,200 bai shiga ba, kuma yanke kalma 1,200 a daren ƙarshe yakan bar labari da tabo. Ɗari biyu ko uku ana iya aske su, har labarin ya ƙara kyau. Fiye da haka, ka nemi wani labarin ko wata mujallar.

Don ka ga yadda ma'aunin ke bambanta: gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, ta saba neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500. Gasar gajerun labarai ta Commonwealth tana neman 2,000 zuwa 5,000, wanda ba a taɓa bugawa ba, kuma tana karɓar fassara zuwa Ingilishi. Kyautar Caine ta marubutan Afirka kuwa akasin haka take, sai labarin da aka riga aka buga, mai kalma 3,000 zuwa 10,000, kuma mawallafi ne ke turawa, ba marubuci ba. Wato labari ɗaya ba zai shiga ko'ina ba, kuma inda ka fara kai shi yana iya buɗe masa wata ƙofa ya rufe wata. In kana da niyyar shiga gasa da wani labari nan da wata uku, kada ka ba mujalla shi yau.

Sai jigo, in sun sa. Idan fitowar a kan ƙaura ce, kada ka ɗauko labarin kishi ka liƙa masa tafiya Legas a sakin layi na ƙarshe. Ana ganewa.

Babi daga dogon littafi fa? Ɗiyar tawa tana da biyu irin wannan a cikin takwas ɗin. Gwajin mai sauƙi ne: ka ba wanda bai san littafin ba ya karanta. In ya ce "wace ce wannan Hajiyar kuma?" ko "to sai me ya faru?", babi ne, ba labari ba. Biyun nan suka fita. Wani kuma ya zarce tsawo da nisa. Saura biyar.

Rarrabe nunanne da ɗanye

Yanzu aka zo wurin da ba ƙa'ida sai ido da kunne. Doka ta farko da nake bi: abin da na gama a makon nan ba ya fita a makon nan. Sabon rubutu kamar sabon ɗinki ne ranar Salla, mai shi ba ya ganin inda ya karkace. Ka bar shi ya kwana aƙalla mako uku ko huɗu. In ka dawo ka karanta ka ji kunya a wurare biyu-uku, alama ce mai kyau, idonka ya dawo. In ka ji kunya daga farko har ƙarshe, ka gode wa Allah da ba ka tura ba.

Sannan ka karanta da babbar murya. Ba a zuci ba, da baki, yadda na ɗaki na kusa zai ji. Hausa harshen kunne ce. Inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Inda harshenka ya sarƙe, akwai gyara. Inda ka ji mutanen labarin suna magana kamar masu karanta labaran rediyo, ka san ba haka ake magana a tsakar gida ba. Mun yi wannan a kan tabarma, ita tana karantawa ni ina saurare, an ɗauke wuta, muna haskawa da fitilar waya.

Na ce ta karanta mini farkon kowanne daga cikin biyar ɗin, layi biyar kawai. Na farko ya soma kamar haka: wata kyakkyawar yarinya ce, fara, doguwa, mai dara-daran idanu, 'yar kimanin shekara goma sha takwas, zaune a wani katafaren falo da ya ji kayan alatu. Na biyu da fitowar rana ya soma, da kukan tsuntsaye. Na uku da tarihin garin, tun daga ganuwa da ƙofofi har hasumiyar Gobarau, sakin layi uku kafin mutum ya motsa. Na huɗu da mafarki. Da ta zo na biyar sai ta ce, "Wannan ba wani abu ba ne, Kawu, na rubuta shi ne kawai." Ta karanta:

"Ranar da aka zo auna gidanmu za a raba gado, Inna ta ƙi tashi daga kan turmi. Mai igiyar awo ya zagaya ta sau biyu, sannan ya dubi Baffa."

Na ce ci gaba. Ban ce haka a kan sauran huɗun ba, kuma ita ma ta lura.

Edita yana da tarin rubutu a gabansa, yawanci aikin sa-kai yake yi bayan ya taso daga nasa aikin. Shafin farko yake ba ka. Jimlar turmin nan ta ba shi mutum, ta ba shi rikici, ta ba shi abin da ido zai kama, kuma ba ta gaya masa yadda zai ji ba. Yarinya fara doguwa kuwa ya gamu da ita sau goma a daren nan kafin ya iso kanka.

Bayan farko sai ƙarshe. Ka rufe sakin layi na ƙarshe da hannu ka karanta labarin ba tare da shi ba. Sau da yawa za ka tarar ya riga ya ƙare, abin da ka rufe jawabi ne kawai: don haka ina kira ga iyaye da su ji tsoron Allah. Na san faɗakarwa tana cikin jinin adabinmu, tun daga waƙoƙin malamai har tatsuniyar kaka, kuma ba cewa nake a jefar da ita ba. Amma in labari ya yi aikinsa, mai karatu ya riga ya ɗauki darasin da hannunsa. In kuma sai an yi masa jawabi zai gane, to gyaran yana can tsakiyar labarin. Tsakanin labarai biyu, ka zaɓi wanda zai iya tsayawa in an cire masa wannan sanda.

Tambaya ta ƙarshe a wannan mataki: mene ne a cikin labarin nan wanda ni kaɗai zan iya rubutawa? A na turmin akwai yadda ake jingina tsani a katanga don a ƙirga azara, akwai ƙanwar uba da ke ɓoye kwanon jan ƙarfe a cikin buhun dusa. Ta ga wannan da idonta a wani gida. Katafaren falon kuwa a fim ta gan shi.

In waƙa ce

Mawaƙa su rera. Waƙar da ke bin ma'auni ba ta ɓoye karayarta in an rera ta, ɗangon da ya yi gaɓa ɗaya fiye da 'yan'uwansa zai yi tuntuɓe a baki. Ka duba amsa-amo: wanda ya zo da kansa ne, ko an jawo kalma da ƙarfi don kawai ta ƙare da "ba" ko "wa"? Baiti biyu-uku irin wannan sun isa su sauke waƙa daga layin gaba.

Tsawo ma matsala ne. Waƙa 'yar ƙwar biyar mai baiti sittin layi 300 ke nan, ba kowace mujalla ke da wannan fili ba. Kada ka datse ta ka tura rabi, ka nemi gajeriya cikakkiya. In an ce a turo uku ko biyar, ka sa mafi ƙarfi a gaba, kuma kada ka cika adadin da raunana don kawai an ce biyar. Uku masu kyau sun fi biyar da biyu ke jan sauran ƙasa. Ya kyautu su yi kama da 'yan gida ɗaya, amma kada su zama duk magana ɗaya aka sake wa riga.

Ba wani ya karanta, amma ka zaɓi wanin

Mahaifiyarka za ta ce ya yi kyau. Abokin hirarka zai turo maka hoton wuta da tafi. Ba su kake nema ba. Ka nemi mutum biyu: ɗaya mai karatu sosai wanda ba ya rubutu, ɗaya marubuci ko malamin Hausa wanda ba ya jin nauyinka. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma zaman karatu irin nasu wuri ne na samun irin waɗannan mutane. Sassan Hausa na manyan makarantunmu ma haka.

Kada ka tambaye su "ya yi kyau?" Ka ba su biyu ko uku ba tare da ka nuna wanda kake so ba. Bayan kwana uku ka tambaya: wanne kake tunawa? A ina ka ajiye ka duba waya? Wa ka ji haushinsa? Wanda aka tuna bayan kwana uku, yawanci shi ne. Kuma ka roƙe su kada su tura wa kowa, don kada mu koma matsalar farko.

Duba abin da zai biyo bayan bugawa

Katsina gari ne babba, amma ƙarami ne in an zo maganar wane ɗan wane. Labarin turmin nan daga wani gida na dangi aka ɗauko ƙashinsa. Na tambaye ta: in an buga, wata ta karanta a unguwar, za ta gane gidan? Ta ce har turmin za ta gane. Sai muka zauna ta canza unguwa, ta canza yawan 'ya'ya, ta canza sana'ar mamacin, ta haɗe mutum biyu suka zama ɗaya. Labarin bai rage komai ba. In kuwa rubutu ba zai rayu ba sai da tona asirin wani, ko kuma ka san ba za ka iya tsayawa a kansa ba ranar da aka tare ka a wurin ɗaurin aure, ka ajiye shi ko ka yi shawara da manya tukuna. Sunan alƙalami yana rufe marubuci, ba ya rufe wanda aka rubuta a kansa.

Haka nan ka yi wa kanka gaskiya game da aro. In ƙashin labarin daga wani fim ɗin Indiya ko na Koriya ka ɗauko ka sa masa hula da zane, kada ka tura. In fassara ce, ka faɗa, kuma ka nemi izinin mai shi.

Wanke shi kafin ya fita

Wanda ka zaɓa sai ya sha wanka. Haruffa masu ƙugiya ba ado ba ne: ɓ, ɗ, ƙ da 'y. Akwai tazara tsakanin "kafa" da "ƙafa", tsakanin "bari" da "ɓari", tsakanin "daki" da "ɗaki". Gboard yana da allon Hausa, ka saka shi. Ka duba raba kalma da haɗa ta: "shi ne" a rabe, "yana" a haɗe, "ba ta zo ba" ba "bata zoba" ba. Rubutun zauren WhatsApp ya lalata mana hannu a nan, har da ni.

Katsinanci fa? Kada ka kashe shi. In tsohuwa a labarinka za ta ce "mi ya hwaru" ko "ba ni wanga", bar ta ta faɗa, nan ne daɗin yake. Amma bakin mai ba da labari ya tsaya a daidaitacciyar Hausa, sai in da gangan ka ba shi karin garinsu tun daga farko har ƙarshe. Abin da edita ba ya so shi ne ya kasa gane da niyya aka yi ko kuskure ne.

In mujallar ta Ingilishi ce kuma labarinka na Hausa ne, kada ka zuba shi a na'urar fassara ka tura. Karin magana da habaici ba sa tsallake wannan gada da rai. Ka nemi mutum, ku zauna tare, kuma a sa sunansa.

Turawa da riƙe lissafi

Ka bi yadda suka ce a turo, ko ta imel ko ta wani dandali irin Submittable. In sun ce fayil ɗin Word, kada ka tura PDF ko hoton shafin littafi. In sun ce a cire suna daga jikin rubutun don alƙalai kada su san mai shi, ka duba har saman shafi da sunan fayil. Wasiƙar rakiya layi huɗu ta isa: gaisuwa, sunan rubutun da yawan kalmominsa, tabbacin cewa bai taɓa fita ba, da kai wane ne a jimla ɗaya. Kada ka bayyana ma'anar labarin. Kuma kada ka jira daren rufewa, ba a fafe gora ranar tafiya, ga wuta ga sabis.

Ka duba ko sun yarda a tura rubutu ɗaya wurare da yawa a lokaci guda. In sun yarda, ka yi, amma ranar da wani ya karɓa ka sanar da sauran ka janye. In ba su yarda ba, ka jira amsarsu. Ka karanta abin da suke karɓa na haƙƙin mallaka: damar fara bugawa kawai, wanda shi ne aka saba, ko mallakar rubutun gaba ɗaya? Na biyun kada ka sa hannu da gaggawa. Wanda kuma ya ce ka biya kuɗi mai yawa don ya buga maka labari a mujallar da ba ka taɓa ganin fitowarta ko ɗaya ba, ka riƙe kuɗinka.

Amsa takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. In ta zo da "a'a", ba lallai ne labarin ya lalace ba, wataƙila gidan ne bai dace ba. Ka sake karanta shi sau ɗaya, in ba ka ga abin gyara ba ka tura wa na gaba a makon. Sai in wurare uku ko huɗu sun dawo da shi za ka kwance shi ka duba ciki. In edita ya rubuto maka ko da layi biyu na shawara, ko ya ce ka sake turo wani, ka ɗauki maganar da gaske, ba kowa suke yi wa haka ba.

Ɗiyar tawa ta tura na turmin saura kwana biyar a rufe. A bangon baya na littafinta ta ja layuka huɗu da biro: sunan labari, inda aka tura, ranar turawa, amsa. Ta cike uku ta bar na huɗu fari. Labari na uku a cikin biyar ɗin nan, mai tarihin ganuwa, ta yanke masa sakin layi ukun farko, ta tarar ashe labarin yana farawa ne daga inda mai kurar ruwa ya buga ƙofa. Shi take gyarawa yanzu, kuma ta ce ko ƙawarta ba ta nuna wa ba.